Daga Filin Jirgin Dutse Zuwa na Kano: Kilomita Nawa Ne ta Sama?

Kafin komai muna da gyara, kuma muna neman afuwa.

A fitowar da ta wuce, a filinmu na "Ko Kun Sani?", mun rubuta cewa nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Dutse da na Kano kilomita 56 ne kacal. Wannan ba daidai ba ne. Takardar ba ta kwana biyu a bango ba malaminmu na lissafi ya zagaye lambar da jan biro, ya rubuta a gefe: "Ku zo ku same ni." Duk wanda ya wuce ta nan ya gani, har wasu 'yan aji uku suka riƙa kiranmu 'yan jaridar ƙanzon kurege. Mun ji kunya ƙwarai.

Tun kafin mu je wurin Malam gardama ta kaure a ajinmu. Wani ɗan ajinmu, ɗan Gwaram, wanda mahaifinsa direba ne, ya ce, "Wallahi ba haka ba ne. Babana ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, ya ce ta fi kilomita 100." Wani kuma ya ce yayansa ya duba masa a intanet, an rubuta 49. Ita kuwa wata 'yar kulob ɗinmu, wadda kakarta ke shirin tafiya aikin Hajji, damuwarta daban ce. Ta ce kakarta ta tambaye ta ko jirginsu zai tashi daga Dutse ya sauka a Kano tukuna kafin ya wuce Saudiyya, kuma ta kasa ba ta amsa.

Da muka je, Malam bai yi mana faɗa ba. Ya ce, "Ba zan faɗa muku amsa ba. Ga taswira, ga rula, ga zare. Ku da kuka yi kuskuren a bango, ku za ku gyara shi a bango." Mun yi mako biyu muna wannan aiki. Ga abin da muka gano.

FILAYEN NAN GUDA BIYU

Filin jirgin saman Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. A Kano jiragen sama suka sauka ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Jirage uku ne na sojan Ingila da suka taso daga Masar, suka yi kwanaki a hanya suna yada zango. A lokacin babu filin jirgi ko ɗaya a ƙasar nan. Sai a 1936 filin na Kano ya fara aiki sosai. Daga baya aka sa masa sunan Malam Aminu Kano.

Filin jirgin saman Dutse kuwa ɗan baya-bayan nan ne. An ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, amma ta yi shekaru fiye da 20 ba ta da nata filin. An gina shi a zamanin Gwamna Sule Lamido, wanda ɗan Bamaina ne a nan ƙaramar hukumar Birnin Kudu, kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a watan Oktoba na 2014. Yanzu yana ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 2023. Idan kuka yi lissafi, filin Kano ya girmi na Dutse da shekara 78.

NISAN TSUNTSU DA NISAN DIREBA

Abu na farko da muka gane shi ne nisa iri biyu ne. Ku ɗauki misali da nan makaranta. Idan kana bakin ƙofar ajinku kana son zuwa famfo, kai sai ka zagaye fulawoyi, ka bi ta bayan ofishin malamai. Amma tattabara da ta tashi daga rufin ajin, kai tsaye za ta sauka a bakin famfon. Wuri ɗaya kuka je, amma tafiyarka ta fi tata tsawo.

Haka abin yake tsakanin garuruwa. Titi ba ya miƙewa ɗoɗar. Yana kauce wa duwatsu, yana ratsa garuruwa don mutane su amfana, kuma dole ya nemi inda gada take. Duk wanda ya taɓa zuwa Kano daga nan ya san sai an bi ta Kwanar Huguma, an haye gadar Wudil. Mai tasowa daga Dutse ma sai ya haye wannan gada. Jirgin sama ba ruwansa da gada.

Saboda haka abokinmu ɗan Gwaram bai yi ƙarya ba, mahaifinsa ma gaskiya ya faɗa. Ta mota, daga Dutse zuwa Kano ya haura kilomita 100. Amma wannan nisan direba ne. Mu nisan tsuntsu muke nema.

AWO NA FARKO: RULA DA TASWIRA

Kowace taswirar kirki tana da ma'auni a ƙasanta ko a gefenta. Wadda Malam ya ba mu an rubuta 1:1,000,000. Ma'anarsa ita ce santimita 1 a kan takarda daidai yake da santimita miliyan ɗaya a ƙasa. Santimita miliyan ɗaya kuwa kilomita 10 ke nan.

Muka ɗora rula daga Kano zuwa Dutse, muka samu santimita 9 da ɗan ɗoriya. Idan aka ninka 9 sau 10, an samu kilomita 90. Sai muka ɗauki zare muka bi da shi kan layin titi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, sannan muka miƙar da zaren a kan rula. Ya wuce santimita 10. Nan take muka ga nisan tsuntsu da nisan direba da idonmu a kan tebur ɗaya.

Mu uku muka auna, kowa shi kaɗai, don kada wani ya kwaikwayi wani. Amsoshinmu sun ɗan bambanta, domin bakin fensir kansa yana cin kusan kilomita 1 a irin wannan taswira. Kuma garuruwan muka auna, alhali filayen jirgin ba a tsakiyar gari suke ba. Shi ya sa Malam ya ce mu sake gwadawa ta wata hanya.

AWO NA BIYU: LISSAFI

Masana sun zana wa duniya layuka na tunani, waɗanda ba a ganin su a ƙasa sai a taswira. Waɗanda suke kwance, daga gabas zuwa yamma, su ake kira latitud. Suna nuna yadda wuri ya yi nisa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu ta tsakiya. Waɗanda suke tsaye, daga arewa zuwa kudu, su ake kira lonjitud. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu, kamar yadda kowane ɗalibi yake da layi da kujera a aji. Da digiri ake auna su.

Filin jirgin Kano yana kan digiri 12.05 arewa, da digiri 8.52 gabas. Na Dutse yana kan kimanin digiri 11.80 arewa, da digiri 9.30 gabas. Wato filin Dutse yana gabas da na Kano, kuma ya ɗan yi kudu.

Digiri ɗaya kilomita nawa ne? Zagayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, kuma da'ira tana da digiri 360. Idan aka raba 40,000 gida 360, za a samu kimanin 111. Don haka idan ka nufi arewa ko kudu, kowane digiri kilomita 111 ne. Idan gabas ko yamma ka nufa, abin ya danganta da inda kake, domin layukan tsaye suna matsowa kusa da juna yayin da ake nisa da ikwaita, kamar layukan jikin kabewa da suke haɗuwa a wurin kara. A nan wajenmu digiri ɗaya kimanin kilomita 109 ne. A Landan bai wuce kilomita 69 ba.

Ga lissafin:

Daga arewa zuwa kudu: 12.05 a cire 11.80, saura 0.25. A ninka da 111, an samu kimanin kilomita 28.

Daga yamma zuwa gabas: 9.30 a cire 8.52, saura 0.78. A ninka da 109, an samu kimanin kilomita 85.

Wato da mutum zai taso daga filin Kano ya yi gabas sak kilomita 85, sannan ya juya kudu sak kilomita 28, da ya iso filin Dutse. Idan kuka zana wannan a littafi, za ku ga alwatika mai kusurwar digiri 90. Hanyar jirgi ita ce dogon gefen da ya haɗa farko da ƙarshe. 'Yan aji biyu sun san abin da ya biyo baya: dokar Faitagoras da muka yi a zangon da ya wuce, wadda wasunmu suka ce ba su ga amfaninta ba.

85 sau 85 ya ba mu 7,225.
28 sau 28 ya ba mu 784.
Idan aka haɗa, 8,009.

Wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 8,009? Mun gwada 89 sau 89, muka samu 7,921. Mun gwada 90 sau 90, muka samu 8,100. Amsar tana tsakanin biyun nan. Ke nan nisan filin jirgin Dutse da na Kano ta sama kimanin kilomita 90 ne. Rula ta faɗa, lissafi ya tabbatar.

TO DAGA INA 56 TA FITO?

Nan ne abin ya ba mu dariya, ya kuma ƙara ba mu kunya. Wanda ya kawo mana 56 a wayar yayansa ya gani a gida. Da muka roƙi yayan ya sake dubawa, sai muka ga ashe ba kilomita aka rubuta ba, mil ne. Mil ɗaya mita 1,609 ne, wato ya fi kilomita ɗaya da rabi. Idan ka raba 90 da 1.609 za ka samu kimanin 56. Lambar daidai take. Mu ne muka kwafe ta muka liƙa mata kilomita.

Mai 49 fa? Shi ma yana da gaskiya. Matuƙan jirgin sama da na jirgin ruwa suna da nasu mil ɗin daban, ana ce masa mil ɗin teku. Shi mita 1,852 ne. Idan ka raba 90 da 1.852 za ka samu kusan 49. Dalilin da ya sa matuƙa suka fi son wannan mil shi ne ya yi daidai da layukan taswira: digiri ɗaya na latitud mil ɗin teku 60 ne.

Ga su nan a jere:

Kilomita 90, ta sama.
Mil 56, ta sama.
Mil ɗin teku 49, ta sama.
Fiye da kilomita 100, ta mota.

Ukun farko nisa ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Kamar a ce an auna buhun gero ɗaya, wani ya auna da tiya, wani da mudu, wani da gwangwani. Geron bai ƙaru ba, bai ragu ba. Amma wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi "gero 20" bai faɗi ma'auni ba, shi ya jawo wa kansa rigima. Abin da muka yi ke nan.

MINTI NAWA JIRGI ZAI YI?

Babban jirgin fasinja idan ya kai can sama yana gudun kimanin kilomita 850 a awa ɗaya. Da wannan gudun, kilomita 90 bai fi minti 6 da ɗoriya ba. Da muka ga haka sai muka yi ta murna, muka ce kafin a gama asambuli an je Kano an dawo. Malam ya ce mu dakata.

Jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudun. Sai ya gangara a hankali zuwa titinsa, ya jira izini daga hasumiya, ya yi gudu a ƙasa, ya ɗaga, sannan ya riƙa hawa sama kaɗan-kaɗan. Manyan jirage sukan hau har ƙafa 35,000, wato fiye da kilomita 10 daga ƙasa. A can iska ba ta da kauri, don haka jirgi ya fi sauri kuma ya fi tsimin mai.

Saukowa ma haka take. Matuƙa suna da wani lissafi mai sauƙi: duk ƙafa 1,000 da jirgi zai sauko, yana bukatar tafiyar mil ɗin teku 3. Idan yana ƙafa 35,000, 35 sau 3 ya ba mu 105, wato kimanin kilomita 194. Ku duba da kyau. Nisan da jirgi yake bukata don saukowa kawai ya ninka nisan Dutse zuwa Kano har sau biyu. Ke nan jirgin da ya tashi daga Dutse zai je Kano ba zai taɓa kaiwa can sama ba. Yana cikin hawa za a ce ya fara shirin sauka. Idan aka haɗa tashi da juyawa da daidaita kai ga titin sauka, tafiyar za ta kai wajen minti 20.

ME YA SA MUTANE SUKE BIN MOTA?

Minti 20 ai ya fi awa biyu, ko ba haka ba? Mu ma haka muka zata, sai da muka lissafa tafiyar daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida.

A ce wani bawan Allah a Dutse yana son zuwa kasuwar Kantin Kwari. Idan jirgi zai hau, sai ya nemi abin hawa zuwa filin jirgi. Dole ya isa aƙalla awa ɗaya kafin tashi, domin a duba tikitinsa, a auna kayansa, a bincike shi. Ya yi minti 20 a sama. Ya jira kayansa. Sannan ya nemi wani abin hawan daga filin jirgin Kano zuwa cikin gari. Kafin ya isa an yi awa biyu ko fiye. Maƙwabcinsa da ya je tasha ya hau mota, a awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya shiga Kano, kuma kuɗin da ya biya bai kama ƙafar kuɗin tikiti ba.

Akwai kuma maganar mai. Lokacin tashi da hawa sama ne jirgi ya fi shan mai. A doguwar tafiya wannan ba komai ba ne, domin sauran tafiyar za ta rama. A gajeriyar tafiya kuwa kusan duk tafiyar hawa ce. Kamar ka hura babban murhu, ka ɗora tukunyar biki, don ka dafa ƙwai ɗaya.

Don haka jirgi sai tafiya ta yi nisa yake nuna kansa. Daga Dutse zuwa Abuja kimanin kilomita 380 ne ta sama, tafiyar wajen awa ɗaya. A mota kuwa sai mutum ya kusan wuni a hanya. A nan mota ba ta da ta cewa.

TO MENE NE AMFANIN FILIN DUTSE?

Wani zai ce, tunda Kano tana nan kusa, me ya sa aka gina wani fili a Dutse? Wannan tambaya ce ta dawo da mu gida. Sai muka yi irin wancan lissafin ga garuruwanmu, duka a nisan tsuntsu:

Birnin Kudu zuwa filin jirgin Kano: kimanin kilomita 125.
Birnin Kudu zuwa filin jirgin Dutse: kimanin kilomita 45.
Gwaram zuwa filin jirgin Kano: kimanin kilomita 170.
Gwaram zuwa filin jirgin Dutse: kimanin kilomita 85.

Mutumin Gwaram, wanda yake can iyaka da Jihar Bauchi, filin Dutse ya rage masa rabin tafiya. Na Birnin Kudu kuwa ya rage masa kusan kashi biyu cikin uku. Kuma ku lura, nisan Gwaram zuwa filin Dutse ya kusan kai nisan filin Dutse zuwa na Kano. Abokinmu ɗan Gwaram da ya ga haka ya ce, "Ashe mu ma mun isa a gina mana namu." Malam ya yi dariya ya ce ya rubuta wa gwamna.

Waɗanda suka fi jin daɗin wannan ragi su ne alhazai. Kafin a gina filin Dutse, maniyyatan Jigawa sai sun je Kano suke tashi. Yawancinsu dattawa ne, ga kaya, ga 'yan rakiya, ga jiran jirgi a garin da ba nasu ba. Yanzu daga Dutse ake kwashe su. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, rage mata kilomita 80 a mota ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ya kawo mu ga tambayar kakar 'yar'uwarmu. Daga Dutse zuwa Jidda kimanin kilomita 3,350 ne ta sama, wato nisan Dutse zuwa Kano sau 37. Jidda tana gabas da mu, ta karkata arewa. Kano kuwa tana yamma da Dutse. Wanda ya tashi daga Dutse ya nufi Kano, baya ya koma, ba gaba ba. Filin Dutse yana ɗaukar manyan jiragen alhazai, don haka hanyar Saudiyya daga Dutse ba ta Kano take bi ba. 'Yar'uwarmu ta zana wa kakarta wannan a ƙasa da tsinke. Ta ce tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe bokon naku yana da rana. Allah Ya yi miki albarka."

Kakar ta kuma ba ta labarin yadda mutanen da suke tafiya Makka a ƙasa. Sukan bi ta Barno, su ratsa Chadi da Sudan, su haye Bahar Maliya a jirgin ruwa. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa suna noma ko sana'a don su sami guzuri. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu suna Sudan har yau. Tafiyar da ta ci musu shekaru, yanzu awa huɗu zuwa biyar ce a jirgi. Nisan bai canza ba.

HANYAR SAMA MA BA KULLUM TAKE MIƘE BA

Kada wani ya ɗauki lissafinmu na alwatika ya auna Dutse zuwa Jidda da shi. Ba zai fito daidai ba. Dokar Faitagoras a kan shimfiɗaɗɗen wuri take aiki, duniya kuwa ƙwallo ce. A kilomita 90 lanƙwasar duniya ba ta da yawa, ana iya ƙyale ta. A dubban kilomita ba a ƙyale ta. Idan kana son ganin hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu masu nisa, ka ɗauki ƙwallon duniya da ke ofishin malamai, ka ɗora zare a kan wuraren biyu, ka ja shi ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar. Mun gwada daga Landan zuwa Tokiyo, sai ga zaren ya hau can arewa, ta saman Rasha, alhali a shimfiɗaɗɗiyar taswira ba za ka taɓa zaton ta nan za a bi ba.

Ban da wannan, jirgi ba ya bin duk inda ya ga dama. A sama ma akwai hanyoyi da aka tsara, kuma ma'aikatan hasumiya ne suke ba kowane jirgi hanyarsa da tsayin da zai bi, don kada a yi karo. Matuƙi yakan kauce wa hadari mai tsawa. Wani lokaci kuma ƙasa takan rufe samanta. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa zagayawa. Tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin ma ya ƙaru.

Akwai kuma wani amfani da kusancin filaye biyu yake da shi. Kowane matuƙi kafin ya tashi yakan tanadi wani fili na ko-ta-kwana, da man da zai kai shi can, ko da wanda ya nufa ya ƙi saukuwa. Mu nan mun san yadda hazo yake rufe gari a lokacin hunturu, har ka kasa hango dutsen da ke bayan gari. Haka nan titin jirgi yakan samu matsala a rufe shi na ɗan lokaci. A irin wannan rana, samun wani fili a kilomita 90 rahama ce.

ABIN DA MUKA ƊAUKA

Idan wani ya tambaye ku nisan filin jirgin Dutse da na Kano, ku ce kimanin kilomita 90 ne ta sama. Idan ya ce shi 56 ya gani, ko 49, kada ku yi masa gardama, ku tambaye shi: 56 ɗin me? A jarrabawa ma haka ne. Malam ya ce duk wanda ya rubuta lamba tsirara ba ma'auni a gefenta, zai rage masa maki, ko da lambar daidai ce.

Mu kuma 'yan kulob mun kafa wa kanmu doka. Daga yau ba za mu liƙa wata lamba a wannan bango ba sai mutum biyu sun duba ta, kuma sun san da wane ma'auni aka auna ta. Tambaya ba ta ɓatar da kowa.

GASAR WANNAN FITOWA

Birnin Kudu tana kan kimanin digiri 11.45 arewa, da 9.48 gabas. Gwaram tana kan kimanin digiri 11.28 arewa, da 9.88 gabas. Ku yi amfani da 111 da 109 kamar yadda muka yi a sama, ku nemo nisan tsuntsu tsakanin garuruwan biyu. Ku ba da amsa a kilomita, sannan a mil. Ku rubuta sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin da ke ƙarƙashin wannan allo kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen mutum uku na farko da suka ci a fitowa ta gaba.

Muna godiya ga malaminmu na lissafi da ya ba mu aron taswira da ƙwallon duniya, da mahaifin abokinmu da ya yi mana bayanin hanya. Kakarmu mai shirin tafiya, da duk maniyyatan Birnin Kudu da Gwaram, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. A sa mu a addu'a, jarrabawa ta kusa.